Yadda makaɗi zai fita kunyar dandamalin Asabar da sujadar Lahadi a mako guda

Makaɗin da kiɗa ne sana'arsa ya san kwana uku ne ke ɗauke da nauyin mako. Daren Juma'a ƙungiyarsu tana wasa a wani zaure, suna sake buga waƙoƙin da jama'a suka saba ji a rediyo. Asabar akwai liyafar biki ko taron wani kamfani da ba ya tashi sai dare ya raba. Kafin rana ta ɗaga ranar Lahadi kuma ana jiransa a coci, wataƙila ma sujada biyu a jere. Wasa ɗaya na sa'o'i uku yana iya cin waƙa 30 zuwa 40, ga na coci daban, kowace da nata ki, wato matakin sautin da ake rera ta a kai, da nata gudu. Jiki ɗaya ne zai ɗauki duk wannan, kunne ɗaya, yatsu guda goma.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, aiki biyu ne mabambanta kake yi da kayan kiɗa ɗaya. A daren Asabar an ɗauke ka ne don ka tada mutane daga kujerunsu. Da safiyar Lahadi kuwa aikinka shi ne ka tallafi muryoyin mutanen da suka zo yin sujada, har su manta da kai. Yawancin matakan da ke ƙasa an tsara su ne don kada na farko ya cinye na biyu.

Mataki na farko: kafin ka ce ka amince

Duk wanda ya kira ka da aiki, kada ka rubuta lokacin fara wasa kawai. Lokuta biyar za ka nema: lokacin shigo da kaya, lokacin gwajin sauti, lokacin farawa, lokacin tashi, da tsawon tafiya daga wurin zuwa gidanka da kaya a mota. Wanda ya ce maka "ƙarfe takwas za mu fara" bai faɗa maka cewa tun ƙarfe biyar ake son ganinka ba, kuma bai faɗa maka sai ɗayan dare za ka gama naɗe kebul ba.

Daga nan sai ka yi lissafin da ya fi kowanne muhimmanci: daga lokacin da za ka kwanta daren Asabar zuwa lokacin da ake jiranka a coci, sa'o'i nawa ne? In wasa ya tashi sha biyu, kwashe kaya ya ci sa'a ɗaya, hanya ta ci minti arba'in, to kusan ƙarfe biyu za ka kwanta. In kuma bitar ƙarshe a coci ƙarfe bakwai ce, barcinka bai wuce sa'o'i huɗu ba. Mutum zai iya jure wannan sau ɗaya sau ɗaya, amma in kowane mako haka yake, ɗaya daga cikin ayyukan zai fara lalacewa, kuma kusan kullum na coci ne, domin shi ne ke zuwa a ƙarshe. A irin wannan hali ka nemi a bar ka ka yi sujada ta biyu kawai, ko ka bar aikin Asabar ɗin ga wani.

Wannan ya kawo mu ga mai maye gurbi. Ka kasance da makaɗi ɗaya ko biyu da ka yarda da hannunsu, waɗanda suke da takardun waƙoƙinka tun kafin buƙata ta taso. In ka ga lokuta biyu za su ci karo, ka sanar da wanda za ka bari tun da sauran kwanaki, kuma ka kawo masa sunan wanda zai tsaya maka. Shugaban ƙungiya zai yafe maka rashin zuwa, amma da wuya ya yafe maka shirun da ya bar shi da giɓi ana saura sa'a biyu.

Batun kuɗi kuma a gama shi a rubuce, ko da saƙon waya ne: nawa ne, wa zai biya, yaushe, akwai kafin alƙalami ko babu, kuma in masu taro sun nemi ƙarin sa'a, nawa za a ƙara. A coci ma haka. Wasu majami'u suna biyan makaɗansu, wasu hidima ce ta sa kai. Duka biyun suna da mutunci, abin da ke kawo ɓacin rai shi ne ɓangare ɗaya ya ɗauka albashi ne, ɗayan ya ɗauka kyauta ce. Ka tambaya da ladabi tun ranar farko. Lasisin buga waƙoƙin wasu a bainar jama'a kuwa, a ƙasashe da yawa mai wurin ne ke biyan hukumomin haƙƙin mallaka, irin su ASCAP da BMI a Amurka ko PRS a Birtaniya, majami'u da dama kuma suna da lasisin CCLI don haska kalmomin waƙa da buga kwafe. Ba naka ba ne galibi, amma yana da kyau ka san an yi.

Mataki na biyu: Litinin zuwa Laraba, aikin kunne da takarda

Ka matsa a ba ka jerin waƙoƙi biyu tun farkon mako, na ƙungiya da na coci. Tare da sunan kowace waƙa ka nemi abu uku: a wane ki za a yi ta, wane rikodin ne za a bi, kuma wa zai rera. Tambaya ta biyu tana hana rigima da yawa. Waƙa ɗaya tana iya samun na sutudiyo da na dandamali, mabuɗinsu daban, ƙarshensu daban. In mai ganga ya koyi wannan, mai kibod ya koyi wancan, a gaban jama'a za ku gano.

Ka raba waƙoƙin gida uku: waɗanda suke hannunka, waɗanda ka taɓa yi amma sun yi sanyi, da sababbi fil. Lokacinka ya tafi kan kashi na uku. Kada ka ɗauki jita tukuna. Ka saurari waƙar sau biyu da biro a hannu, ka rubuta gininta: mabuɗi, baiti, amshi, baiti, amshi, wurin da kiɗa ke sauya salo, da yadda take rufewa. Ka sa alama a duk inda kowa ke tsayawa cak, domin kuskuren kod, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, a tsakiyar amshi ba kowa ke jinsa ba, amma wanda ya buga shi kaɗai a wurin shiru, har na bayan zaure ya ji shi.

A nan zan daɗe kaɗan, don wannan dabarar ita ce ta fi sauƙaƙa wa mai ayyuka da yawa. Ka rubuta kod da lambobi maimakon haruffa. Tsarin ya fito ne daga sutudiyoyin birnin Nashville na Amurka a ƙarshen shekarun 1950, inda Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya fara amfani da shi, daga baya Charlie McCoy da sauran makaɗan sutudiyo suka faɗaɗa shi. Kowane mataki na sikeli, wato jerin sautukan do, re, mi, yana da lambarsa daga 1 zuwa 7. In waƙa tana ki na G, to 1 shi ne G, 4 shi ne C, 5 shi ne D, 6 kuma Em. In an koma A, lambobin nan dai su ne A, D, E da F#m. Takardar da ke ɗauke da 1, 5, 6, 4 ba ta canzawa ko da an canza ki sau goma.

Amfanin wannan yana fitowa ne da safiyar Lahadi. Mai jagorantar waƙa ta zo muryarta ta dushe, ta ce, "Ɗan'uwa, don Allah mu sauke ta, ba zan kai can sama ba yau." Wanda ya haddace haruffa zai fara lissafi a kansa yana zufa. Wanda ya saba da lambobi sai ya matsar da hannunsa kawai. Haka a dandamalin dare: shugaban ƙungiya zai iya nuna maka yatsu huɗu a bayansa, ka san inda za a faɗa ko da ba ka taɓa jin waƙar ba. Mai jita yana da ƙarin mataimaki, wato kafo, abin da ake matse wuyan jita da shi don ɗaga sautinta. Ka ɗaura shi a gaɓa ta biyu, ka buga siffofin G, sautin da zai fito A ne. Mai kibod kuma yana da maɓallin sauya ki, amma shawarata a yi amfani da shi a matsayin mafita ta gaggawa kawai, kuma duk lokacin da ka taɓa shi ka maida shi sifili kafin waƙa ta gaba. Mantuwa a wannan wuri ta sha jefa ƙungiya cikin ki biyu a lokaci guda.

A saman kowace takarda ka rubuta gudun waƙar da lamba, misali bugu 72 a minti ko 118, da sunan wanda zai fara. Sannan ka yi manyan fayil biyu, ɗaya na dare ɗaya na coci, a jere yadda za a yi su. In a kwamfutar hannu kake karantawa, ka sauke komai ya zauna a cikinta, kada ka dogara da intanet ɗin wurin, kuma ka buga kwafin takarda ka jefa a jaka.

Mataki na uku: Alhamis, ranar kaya

In za ka canza tsirkiya, yau ce ranar. Sabuwar tsirkiya tana miƙewa, tana sauka daga saitinta sau da yawa kafin ta zauna, saboda haka wadda aka ɗaura ana saura sa'a ɗaya a fara wasa za ta wahalar da kai duk dare. Ka ɗaura, ka ja kowacce a hankali da yatsa, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka.

Ka gwada kowane kebul ɗaya bayan ɗaya, kana girgiza bakinsa yayin da sauti ke fita. Wanda ya yi ƙara-ƙara ka ware shi, kada ka ce zai kai ka wannan makon. Ka duba batir mai bolt 9 da ke cikin bas ko jita ko fedal, wato na'urar da ake takawa don sauya sautin jita. Yawancin waɗannan na'urori suna fara jan wuta ne da zarar an soka musu kebul, ko ana kiɗa ko ba a yi, don haka ka saba da zare shi duk lokacin da ka ajiye kayan. Ka sa sabon batir, ka kuma riƙe wani a aljihun jaka.

Ka haɗa ƙaramar jakar da ba ta rabuwa da kai: tsirkiyoyi na ajiya, kebul biyu na ƙari, na'urar saita tsirkiya, kafo, abin toshe kunne, tef mai ƙarfi, sukuddireba, ƙaramar tocila, biro, caja da doguwar wayar wuta mai baki da yawa. Mai ganga ya ƙara sanduna da makullin ɗaure fata. Kayan sawa kuma kashi uku, kowanne a ratayensa, kuma na Lahadi a goge shi tun yau. Wannan ƙaramin abu ne, amma ƙarfe shida na safiyar Lahadi za ka gode wa kanka.

Mataki na huɗu: isa wuri da gwajin sauti

Ka isa kafin lokacin da aka ce. Ka fara da gaida mai kula da sauti, ka san sunansa. Duk ƙwarewarka, ta hannunsa jama'a za su ji ka. Ka faɗa masa abin da ka zo da shi da yawan layin da kake buƙata a mikisa, na'urar da yake haɗa sautin kowa a kanta, sannan ka jira ya kira ka.

Akwai ƙa'idar kunna kaya da ba ta canzawa: kayan kiɗa da mikisa su fara, amfilifaya da lasifika su zo a ƙarshe. Wurin kashewa kuma lasifika ce ta farko. In an juya tsarin, ƙarar da ke fita lokacin kunnawa tana iya lalata lasifika. Haka nan kada ka zare kebul sai an rufe layinka, musamman in layin yana ɗauke da wutar bolt 48 da wasu makirufo ke buƙata.

In kun ji wani gurnani mara yankewa yana fita daga lasifika, galibi kayan ne aka jona a wuraren wuta daban-daban. Maganinsa yana kan ƙaramin akwatin DI da ke haɗa kayan kiɗanka da mikisa, akwai maɓallin da ke raba layin ƙasa na sauti. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne cire ƙafar ƙasa ta filogin wuta don gurnanin ya tafi. Wannan ƙafar ita ce ke tsakaninka da mutuwa in na'ura ta samu matsala. A 1972 Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea bayan ya taɓa makirufon da wuta ta kama. In ka ji leɓenka ya ɗan yi tsam sa'ad da ya taɓa makirufo kana riƙe da jita, ka ajiye komai, a gyara kafin a ci gaba.

Lokacin gwaji, ka buga da ƙarfin da za ka buga a wasa, kuma ka yi shiru sa'ad da ake gwada wani. Ka nemi abin da kake buƙata a lasifikar gabanka a taƙaice: "Malam, a ƙara min muryar mai rera kaɗan, a rage kibod." In ba ka jin kanka, fara da neman a rage wasu kafin ka nemi a ƙara ka. Kowa ya ƙara nasa, ƙarshenta ba mai jin kowa.

Ka sa abin toshe kunne tun daga gwaji. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar ƙarfin ƙara a desibel 85 na tsawon sa'o'i 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 sa'o'i 4, 91 sa'o'i 2, 94 sa'a ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Wanda ke tsaye kusa da ganguna da amfilifaya yana iya shiga wannan yanki na sama cikin sauƙi, kuma zai zauna a ciki sa'o'i uku, dare biyu a jere. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Akwai abin toshe kunne da aka yi musamman don makaɗa, mai rage ƙara ba tare da ya dusashe kiɗan ba. Makon farko zai yi maka baƙo, ka daure masa.

Mataki na biyar: a kan dandamali

Mutanen da suka zo jin ƙungiyar da ke sake buga waƙoƙi sun zo ne don abin da suka sani. Akwai 'yan sautukan da ke sa a gane waƙa tun daƙiƙa biyu na farko, waɗannan ka buga su daidai yadda suke a asali. Sauran wuraren kana da sarari ka sa hannunka.

Babban abin da ke kashe wasa shi ne shiru tsakanin waƙoƙi. Mutane suna tsakiyar rawa, waƙa ta ƙare, ƙungiya ta tsaya tana tambayar juna me ke gaba, kafin ka ankara fili ya watse. Kafin waƙar da kuke yi ta ƙare, idonka ya riga ya ga ta gaba, ka san ki ɗinta da sautin da za ka danna. Ku haɗa waƙoƙi uku ko huɗu masu gudu kusa da juna ku yi su ba tsayawa. In wani ya zo da roƙon waƙa, ka tura shi wurin shugaba cikin fara'a, kada ka yi alƙawari da bakinka.

Hutun tsakani na minti goma sha biyar ba na hira ba ne a gaban lasifika. Ka sha ruwa, ka saita tsirkiya, ka fita wurin da ba ƙara kunnenka ya huta. In kana rera waƙa, ka guji ɗaga murya don yin magana a cikin hayaniya. Sau da yawa wannan hirar ce ke cinye muryar da za a nema ranar Lahadi, fiye da waƙar kanta.

Mataki na shida: Asabar da rana

Ka yi barci sosai da safe, ka sa komai a caji, ka shanya kayan da suka jiƙe da zufa. Kada ka bar jita a cikin motar da ke rana, zafi yana sassauta gam ɗin da ke riƙe katakon. Sannan ka ware minti talatin ka bi waƙoƙin coci daga farko zuwa ƙarshe. Wannan ce damarka ta ƙarshe ta taɓa su da kai mai sanyi.

Mataki na bakwai: daga tashin wasa zuwa asuba

Nan ne makon yake tsayawa ko ya faɗi. An buga waƙar ƙarshe, jini yana tafasa, abokan aiki suna son a zauna a taɓa hira. Ka yi sallama da kowa da kyau, ka karɓi haƙƙinka ko ka tabbatar da ranar da za a biya, sannan ka kama kwashe kaya nan take.

Ka shirya motar da tunanin gobe: abin da ba za ka buƙata a coci ba ya shiga can ciki, abin da za ka buƙata ya zauna a baki. Kafin ka rufe jakar fedal ko kibod, ka maida saitin zuwa na coci tun yanzu. Ka rage ƙarar amfilifaya zuwa ƙasa. Ba abin kunyar da ya kai mutum ya jona jita a coci ana cikin addu'ar buɗewa, sautin daren jiya ya fashe da ƙarfinsa. Kafin ka bar wurin, ka haska tocila a dandamali da bayansa. Caja da kafo da igiyar rataya jita su ne aka fi mantawa, kuma su ne za ka fara nema da safe.

Shayi mai ƙarfi ko kofi, ka tsayar da su tun farkon dare. Jiki yana ɗaukar kimanin sa'o'i biyar kafin ya rage rabin sinadarin kafeyin, saboda haka kofin da ka sha ƙarfe goma sha ɗaya yana nan yana aiki sa'ad da kake juyi a gado ƙarfe uku. Giya kuma, ga mai sha, daren da ake jiransa a sujada da safe ba darenta ba ne. Tana lalata barcin da dama bai isa ba, tana busar da maƙogwaro, kuma mutanen da za ka tsaya a gabansu sun cancanci ka zo musu garau.

Tuƙin komawa gida shi ne wuri mafi haɗari a duk makon. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin motsinsa suna raguwa kamar na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Makaɗin da ya tashi ƙarfe takwas na safe, yana kan sitiyari ƙarfe ɗayan dare, ya cika wannan adadi daidai. In ka ji idonka yana nauyi, ko ka kasa tuna tafiyar 'yan mintocin da suka wuce, ka tsaya a wuri mai aminci ka yi barcin minti ashirin. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa maganin komai. In akwai abokin aiki da hanyarku ɗaya, ku tafi tare ɗaya yana taya ɗaya hira.

Ka isa gida, ka shigo da kayan kiɗan ciki, ka yi wanka, ka saita ƙararrawa biyu, ɗaya a nesa da gado yadda sai ka miƙe za ka kashe ta. Ka ajiye waya. Hotunan wasan za su jira har gobe da yamma.

Mataki na takwas: safiyar Lahadi

Ka isa da minti goma sha biyar a hannunka, ka jona kaya cikin natsuwa, ka ɗumama yatsu da murya a hankali. Wurin saita tsirkiya, na'urarka tana bin ma'aunin da aka saba, wato sautin A a kan girgiza 440 a daƙiƙa. Amma in cocin yana da tsohon fiyano ko ogan mai bututu, ƙila ba ya kan wannan ma'auni daidai, kuma sautin ogan yana ɗan motsawa da zafin ɗaki. Shi ba zai biyo ka ba, kai za ka bi shi. Ka nemi a danna maka A ka saita da ita.

Ka karɓi tsarin sujada ka sa alama a wuraren da ake buƙatarka: waƙar buɗewa, waƙoƙin yabo, lokacin baiko, Jibin Ubangiji in akwai, da waƙar rufewa. Ka tambayi mai jagora alamominsa na hannu, wace ce ta "a maimaita amshi", wace ce ta "a sassauta", wace ce ta "a rufe". Ka tsaya inda kake ganinsa ba tare da ka juya ba.

Yanzu ga ainihin sauyin. Jiya da dare an auna ka da yawan waɗanda suka tashi rawa. Yau ma'aunin shi ne ko kana jin muryoyin ikilisiya a saman kiɗanka. In ba ka jin su, kun yi ƙara da yawa. A cikin waɗannan kujeru akwai tsoho da ya san waƙar tun yana yaro, akwai yarinyar da yau ta fara jin ta, akwai wadda ta binne wani nata a makon nan. Dukansu suna son su buɗe baki su bi. Abin da suke buƙata daga gare ka shi ne mabuɗi mai nuna musu karin waƙar da inda za su shiga, gudu mai tsayawa wuri ɗaya, da ki da muryar kowa za ta kai. Yawancin mutanen da ba mawaƙa ba suna sakewa ne tsakanin C da C na sama, ko D in an matsa. Waƙar da aka yi rikodin ɗinta don muryar gwani sau da yawa sai an sauke ta. In ka ga maza sun yi shiru a amshi, ki ɗin ne ya yi musu sama, ka faɗa wa mai jagora bayan an tashi.

Ka lura da gudu sosai. Hannun da ya kwana yana bugun rawa yakan ja waƙar sujada da sauri ba tare da mai shi ya sani ba, gajiya kuma takan ja ta ƙasa har ta yi nauyi. Ka duba lambar da ka rubuta a saman takarda kafin a ƙirga. A waƙoƙin littafi, ka bar wa jama'a wurin numfashi a ƙarshen kowane layi da tsakanin baitoci. Ka rage ado. Wurin da jiya za ka cika da gudun yatsu, yau ka riƙe kod ɗaya ka bar shi ya yi tsawo. Wani baitin ma ka janye hannu gaba ɗaya a ji muryoyi zalla. In an nemi ka yi kiɗa a ƙarƙashin addu'a, kod biyu ko uku sun isa, a hankali, ba tare da karin wata sananniyar waƙa da zai ja hankalin mutane daga abin da ake faɗa ba. In Fasto ya fara magana, kai ka koma ƙasa da muryarsa.

Lokacin wa'azi ka sauka ka zauna cikin jama'a inda za ka iya dawowa da sauri, kada ka fice waje ka jira a kira ka. Ikilisiya tana ganin wanda ya zo aiki kawai da wanda ya zo tare da su. Ko da ba ɗan wannan cocin ba ne kai, an ɗauko ka ne don hannunka, girmama abin da suke yi yana cikin aikin. In barci yana fizgarka, ka zauna a miƙe, ka riƙa rubuta abin da ake faɗa. Tsakanin sujada ta farko da ta biyu ka sha ruwa, ka ci wani abu mara nauyi, ka sake saita tsirkiya, ka tambayi mai jagora ko akwai abin da za a canza.

Mataki na tara: bayan an tashi

Kafin ka kwanta da rana, ka ɗauki minti biyar ka rubuta abin da ya faru tun yana sabo: waƙar da ƙarshenta ya rikice, kebul ɗin da ya fara ƙara, ki ɗin da aka sauya a coci don ka gyara takardarka, da kuɗin da ya shigo da wanda kake bin wani. Ka goge tsirkiyoyi da ƙyalle, ka zare kebul daga duk abin da ke da batir. In kunnenka yana ƙugi har zuwa Litinin, ko wuyan hannunka yana zafi ko yatsu suna mutuwa, ka nisanci ƙara da kiɗa na kwana ɗaya ko biyu, in bai sake ka ba ka ga likita. Litinin da yamma sai ka tura wa shugabannin biyu saƙo, ka nemi jerin waƙoƙin mako mai zuwa.